Doyar Lucy a Kafaɗar Hindatu

"Kasuwa uku ke nan ina jiranki a gindin ɗorawa, Hindatu. Kasuwa uku... ko ƙeyarki ban gani ba."

Dallatu ne ya tare ta a bakin rafi da yamma, ya saƙale sanda a bayan wuya, yana kallon ruwa don kada ta ga yadda idonsa ya kaɗa. Ɗan goggonta ne, Hamma take ce masa, wato yaya, kuma saura wata guda a ɗaura musu aure. A ruga ɗaya suke, amma tun da aka sa rana kunya ta hana su ko gaisawa a gaban manya. Sai ranar kasuwar Karu suke samun sarari, in ta sayar da nono, ya kawo mata rake su yi 'yar hira a gindin ɗorawa, sannan kowa ya bi hanya daban.

Ta ce masa nono ne ke ƙarewa da wuri kwanan nan. Ya ce in nono ya ƙare da wuri ai hira ce ya kamata ta yi tsawo.

"In wani kika samu, ki faɗa min. Zan iya ji."

Dariya ta ƙwace mata. "Haba Hamma. Wani wa? Duk ƙasar nan wa ya kai ka tsawon wuya da saurin fushi?"

Ya so ya ci gaba da ɗaure fuska, abin ya gagara. Ya kama mata ƙwaryar ruwa zai ɗora mata, ta ɗaga hannun dama, sai ta cije leɓe ta sauke shi da sauri. Da ya tambaya, ta ce kwanciya ta yi a kan kafaɗar.

Ƙarya ce, kuma Hindatu ba ta iya ƙarya ba, shi ya sa ta bar wurin da sauri har ruwa na zuba mata a baya. Babu wani saurayi. Abin da ke akwai ita ce Lucy.

Lucy ƙawarta ce tun suna 'yan yara, Bagwariya ce ta wani ƙauye a bayan duwatsun Karu. Da musayar nono da gasasshiyar doya suka fara, kowacce da Hausarta ta kasuwa mai gargada, suka tashi suna yi wa juna dariyar baki. Ranar da mahaifiyar Hindatu ta rasu, Lucy ce ta zo ta zauna a bayan bukka tun safe har yamma, tana riƙe da hannunta kawai. Lucy ta riga Hindatu yin aure, har da 'yar jinjira. Mijinta Enoch ya shiga soja a shekarar da yaƙi ya ɓarke, ya shuka doyarsa ya tafi, kuma wata biyar ke nan babu wasiƙa. Ita da surukarta tsohuwa Hannah suka rage a gidan.

Ƙarshen damina Lucy ta zame a kan dutsen rafi da dami na itace, ta faɗi a kan kafaɗa, ƙashin ya karye. Maɗori ya ɗora, amma inda itace ya yage fata sai ya ɗuri ruwa, zazzaɓi ya kwantar da ita. A asibitin mishan aka ce sai allura, kullum, har a ga abin da hali ya yi. Akuyar gidan ta tafi, kaji suka bi bayanta.

Ga doya kuwa jibge. Mazan ƙauye sun yi gayya sun haƙe gonar Enoch, sun tara a bukkar gona. Sai dai gonar na can bayan rafi, hanyar ƙafa ce tsakanin duwatsu, kuma kai doya kasuwa aikin mata ne. Kowace mace na fama da ta gidanta. Sukan ɗauko wa Lucy ɗaya ko biyu a kan nasu, amma wannan ba ya sayen allura.

Duk wanda ya zauna kusa da Gbagyi, waɗanda Hausawa ke ce wa Gwari, ya san matansu ba sa ɗora kaya a ka. A kafaɗa suke ɗauka, cikin wata ƙatuwar ƙwarya, su tallafe da hannu. Sun ce kai na ɗauke da tunanin mutum, nauyinsa ya ishe shi, ba a ƙara masa wani. Mace kuwa da kafaɗarta ta karye, ita da gurguwa duk ɗaya.

Ranar da Hindatu ta je dubiya ta tarar da ƙawarta ta rame, idanu sun zurma, jinjira na tsotson abin da babu. A kusurwar ɗaki ga wani tulu ja mai zane a wuya, wanda Lucy ta gina tun kafin ta faɗi, ta ce na amarya ne, da kanta za ta kai shi ruga ranar biki. Lucy ta kalli tulun ta yi ɗan murmushi, ta ce da alama sai dai amarya ta zo ta ɗauki kayanta. Hindatu ta miƙe. Ta bar ƙwaryar nonon da ta zo da ita a wurin Hannah, ta wuce gona.

Ta yi yadda duk 'yar Fulani za ta yi. Ta naɗa gammo, ta cika ƙwarya da doya, ta ɗora a ka, ta shiga layin matan ƙauye. Wayyo, ai kamar ta kira mai shela! Mata goma sha wani abu, kowacce ta karkace da kaya a kafaɗa, ga guda ɗaya doguwa fara a tsakiya, kaya a sama, 'yan kunne na walƙiya. Tun daga nesa kowa ya gane ta. Kafin ta koma ruga labari ya riga ta.

Goggo Dada, uwar Dallatu, ita ta riƙe Hindatu tun rasuwar mahaifiyarta. Ba muguwa ba ce, ko kusa. In Hindatu ta yi ciwon kai ita ma ba ta cin tuwo. Amma mace ce mai ji da gidansu, kuma a ranar wasu mata na wata ruga suka tare ta a kasuwa da murmushi, suka ce ashe shanun gidansu sun daina ba da nono, har 'yarsu ta koma dako. Maganar ta soke ta har ƙashi. Ta kira Hindatu a gaban matan ruga, ta ce 'yar gidan nan nonon shanun ubanta take sayarwa, ba ta ɗaukar kayan kowa.

"Wallahi, in na sake jin kin yi wa wani dako, ba ke ba ɗakin Dallatu."

Goggo Dada kuwa ba ta rantsuwa ta janye, kowa ya san haka.

Kwana biyu Hindatu na juya abin. Tana son Dallatu, son da ba ta taɓa faɗa masa da baki ba, wanda ko muryarsa ta ji yana kiran shanu sai ta rasa abin da take yi. Tana kuma jin nauyin Goggo kamar uwa. Amma duk lokacin da ta runtse ido, fuskar Lucy take gani. A rana ta uku ta isa ƙauyen da dabara. Ta sa Hannah ta ba ta baƙin zanen Lucy da ɗankwali, ta cusa kitsonta da 'yan kunnenta a ciki, ta ce a koya mata ɗauka a kafaɗa. In ta karkace kamar kowa a tsakiyar layi, wa zai ƙirga matan Gwari?

Lucy ta ƙi, har da hawaye. Ta ce gara doyar ta ruɓe da auren ƙawarta ya lalace. Hindatu ta ce ai ba shawara ta zo nema ba, zane ta zo ara.

Koyon ya zama wasan kwaikwayo ga ƙauyen. Ta ɗora ƙwarya ta zame, ta sake ɗorawa doya ta watse, wata ta gangara har cikin rafi. Matan suka yi ta dariya suna riƙe ciki, suna cewa wannan kafaɗar ta rataya duwatsun ado ce, ba ta doya ba. Amma su ɗin ne suka gyara mata tsayuwa, suka sa ta a tsakiya, suka rufe bakinsu kamar an ɗinke. Hannah ta riƙa sayar mata da nono a ƙauye, don haka kullum takan koma ruga da ƙwarya wayam kamar yadda ta saba. A kasuwa wata daga cikin matan ke yin ciniki da masu mota, ita kuwa ta sauke ta juya da wuri.

Abin mamaki, kwanakin nan ba na baƙin ciki ba ne. Hindatu ta koyi waƙar da suke yi a hanya ba tare da ta san ma'anarta ba. In sun dawo ta zauna gefen tabarmar Lucy, ta shafa mata man shanu, ta ba ta kindirmo da ludayi, suna gulmar Dallatu da dogon wuyansa. Aka fara allura. Lucy ta soma tashi zaune. Kafaɗar Hindatu ce kawai ta kumbura, ta saluɓe, ta yi ɓawo, ta sake saluɓewa.

Mutane dai ta ruɗe su. Ba ta yi lissafi da Wule ba.

Wule karsana ce da uwarta ta mutu tana 'yar maraƙa, Hindatu ta rene ta da hannunta, ta saba mata da lasar kanwa daga ƙullin zanenta. Kwana huɗu bayan rigimar bakin rafi, layin matan ya zo tsallakawa da hantsi, daidai lokacin da Dallatu ya koro garke shan ruwa. Hindatu ta sunkuyar da kai, ta ja ɗankwali, ta matsa bayan wata mai jiki. Ina! Wule ta ɗaga hanci, ta yi wani ɗan kuka, ta ratsa ruwa ta bar garke, ta wuce mace shida ba ta ko kalle su ba, ta zo ta cusa hancinta a ƙugun ta bakwai. Ƙwarya ta kife, doya ta yi ta kanta.

Dallatu ya rugo yana ba da haƙuri. "Ki yafe, Mama, ba ta taɓa yin haka ba, mutum ɗaya kawai take..."

Maganar ta tsaya. Ya kalli karsanar, ya kalli ƙafafun da ke ƙasan baƙin zane, sannan ya ɗago a hankali.

"Hindatu?"

Matan suka tsince doyar, suka raba a tsakaninsu, suka yi gaba ba wadda ta waiwaya. Zanen ya zame daga kafaɗarta, ya ga wurin, ja jawur da ruwa-ruwa. Ya kau da kai da sauri.

Ta faɗa masa komai, tun daga dutsen rafi har allura. Ba ta nemi gafara ba.

"Ina sonka, Hamma, Allah ya sani. Ban taɓa faɗa ba, yau na faɗa. Amma in na zauna ina jiran lalle Lucy ta mutu, ba ni ce za ka aura ba... wata ce mai kama da ni."

Dallatu ya ajiye sandarsa. Can ya ce shi yana gindin ɗorawa yana ƙirga samarin Karu ɗaya bayan ɗaya, har da mai facin keke, ashe doya ce ta ƙwace masa ita.

"Sanyin idona, me ya sa ba ki faɗa min ba? Takarkarin Baffa na nan yana ƙiba a banza."

Ta ce in ya fito da takarkari ai Goggo za ta ji. Ya ce za ta ji, domin shi zai gaya mata. Bai taɓa ɓoye wa mahaifiyarsa abu ba, ba kuma zai fara da aurensa ba.

Haka ya yi. Da yamma ya durƙusa ya faɗa mata, washegari ya ɗaure wa takarkarin buhuna, ya nufi gonar Enoch ido na ganin ido. A kwana uku ya kwashe abin da Hindatu za ta yi wata biyu tana ja. Aka ƙarasa allura, zazzaɓi ya sauka, Hannah ta sayo hatsi.

Goggo Dada ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta ɗauki ƙoren amarya da ta yi wata uku tana gogewa da farar ƙasa, ta jera su cikin juna, ta ɗaure, ta rataye a can sama. Dattawa suka yi mata magana, ta ce ta rantse da sunan Allah a gaban mutane, kuma yarinyar ta ji da kunnenta ta tsallake. Ba ta daina zuba wa Hindatu tuwo ba, amma ta daina kallonta. Ita ma tsohuwar ta rame. Hindatu ta yi kuka a bayan shanu inda ba mai gani, sai Wule. In ta je wurin Lucy kuwa sai ta wanke fuska ta ce shirin biki na tafiya daidai. Matan layi ne suka kasa riƙe wannan sirrin, suka faɗa wa Lucy.

Saura kwana tara ranar da aka sa, da safe an gama tatsa, wata daga matan ruga ta miƙe tana kare ido da hannu, ta ce ku zo ku ga abin da ban taɓa gani ba.

Mace ce ke tahowa a hanyar rafi, baƙin zane irin na Gwari, hannun dama a ɗaure a ƙirji da tsumma. Tana takawa a hankali kamar mai bin gungume a kan ruwa, wuyanta na rawa. A kanta kuwa, a tsakiyar kanta, jan tulu ne mai zane a wuya, ta tallafe shi da hannun hagu. Tsohuwa Hannah na biye da jinjira a baya, idonta a ƙasa.

Hindatu ta yar da ƙwaryar da ke hannunta za ta ruga, Lucy ta ce mata tsaya, ba wurinki na zo ba. Ta wuce har gaban Goggo Dada da ke zaune a ƙofar bukka. Gumi ya jiƙe ta sharkaf. Ba ta iya durƙusawa ba, sai ta gaishe ta a tsaye.

"Inna, tun da uwata ta haife ni ban taɓa ɗora kaya a ka ba. Uwata ma haka, kakata haka. Yau mutanen garinmu duk sun gan ni." Ta gyara riƙon tulun. "Hindatu ta ba ni kafaɗarta. Ni ba ni da kafaɗa yanzu, kai ne ya rage min. Tulun amarya ne, na yi alkawari ni zan kawo. In babu aure ki ce min, in koma da shi yadda na zo."

Hannah ta ce, ba tare da ta ɗago ba, ita ce ta ɗora mata da hannunta.

Goggo Dada ta shekara talatin a ƙasar nan, ta ga matan Gwari da ciki wata tara, ta gan su da furfura, ta gan su da dami ya fi su tsawo, ba ta taɓa ganin ko ɗaya da tsinke a ka ba. Ta san abin da yarinyar nan ta ajiye a hanya kafin ta iso.

"Inna," Lucy ta ce a hankali, "da hannu ɗaya ba zan iya saukewa ba."

Goggo Dada ta miƙe. Ta sa hannu biyu ta ɗauke tulun, ta rungume shi a ƙirji, ta shiga da shi ta ajiye a ƙarƙashin ƙoren da ta rataye. Da ta fito idonta ya cika, don haka ta hau faɗa. Ta zaunar da Lucy a kan tabarmarta, ta ce wace irin marar hankali ce za ta tashi daga jinya ta hau duwatsu. Ta fizgo Hindatu, ta janye mata zane, ta ga kafaɗar a karo na farko, ta ja salati. Ta lakato man shanu ta shafa wa wannan a kafaɗa, ta murza wa waccan a wuya, tana cewa Allah ya haɗa ta da 'ya'ya biyu ba mai jin magana ko ɗaya.

Sannan ta ɗaga murya wajen shanu, inda Dallatu ya yi kamar yana duba kofaton wani bijimi.

"Kai kuma mai takarkari, gobe ka raka ni wurin malam in ji abin da ake yi wa rantsuwa. In ciyarwa ce akwai shanu. In azumi ne ban tsufa ba. Ku sauko min da ƙoren can, sun yi ƙura."

Sai da rana ta yi sanyi baƙin suka tashi tafiya. Goggo ta cika babbar ƙwarya da kindirmo, ta ɗora curin man shanu a kan faifai, ta ce na mai jego ne. Lucy ta miƙa hannun hagu, tana duban inda za ta ɗora. Goggo ta buge hannun.

"Aje. Kan nan ya gama aikinsa har abada." Ta juya. "Hindatu, ɗauki kayan 'yar'uwarki ki kai mata har gida. A ka, don Allah, kamar 'yar mutane."

Hindatu ta naɗa gammo ta ɗora, hawaye na zuba tana dariya. Suka kama hanyar rafi, ita a gaba, Lucy a gefenta hannu wayam. Da suka zo wucewa ta gaban garke, Dallatu bai ɗago ba saboda idon manya, sai dai ya ce wa sandarsa, yadda za ta ji, saura kwana tara.